Addar Ummaru Ba Ta Ƙarƙashin Gadona

Hauwa ɗiyata, don Allah aje komi, a karanta miki wannan yanzu. Maƙwabciya na roƙa ta rubuta.

Ya yara, ya mutanen Kucheri? Ni lafiya lau nan Ibadan, abinci ne dai ba ya shiga.

Jikana Abdulsamad ne. Tun da yayanki Lawali ya kashe ɗan'uwanai Ummaru, uban Abdulsamad, kan gona, sau biyu yaron nan yana zuwa Kucheri, gidan Lawali, da addar Ummaru. In ya jiyo muryar baffanai, irin ta ubanai sak, sai ya juyo yana kuka. Na ɓoye addar ƙarƙashin gadona. Yau da safe na laluba, babu ita, babu shi.

Allah shi miki albarka, kada ki fara da mai gari. Fara gaya ma Lawali. Shi ma ni na haife shi.