Gurbin da Ya Rage a Bakin Riyalin Iya

Abeshe,
Laraba, 9 ga watan Rajab.

Zuwa ga ƙanena Annur,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Halime da yara, Ya kare ku daga sanyin nan na Faransa. Mu nan sai godiya. Ƙafar maigidana Bishara ta yi sauƙi, har ya koma kasuwa. 'Yata Ashta ta sauka lafiya, namiji ne. Inna Zenaba, ƙanwar Iya, kunnenta ya ɗan yi nauyi, amma bakin yana nan yadda ka bar shi.

Sai maganar riyalin azurfa da Iya ta bari, Allah Ya jiƙanta, wanda ka ce in ɗauki hotonsa, in ya yi kyau ka aika da shi wurin masanan da ke duba tsoffin kuɗi su ba su daraja, su rufe su a gidan roba. Ka yi sa'a ka gargaɗe ni kada in wanke shi, don wallahi na riga na tanadi toka da lemun tsami. Kunya nake ji a nuna wa baƙi kayan uwarmu da dauɗa.

Ɗaukar hoton kuwa, ni da Bishara mun sha fama. Da fari ya kunna fitilar waya, riyal ya fito fari fat kamar murfin tukunya. Muka fita rana, sai inuwar rawaninsa ta rufe komai. Na ce masa a hankali ko zai ɗan matsa, ya ce shekara ashirin da shida yana matsawa a gidan nan. Sai washegari da hantsi muka gane kan abin: na shimfiɗa baƙin mayafina a inuwar rumfa, muka ɗora wayar a kan kofin shayi don kada hannu ya yi rawa. Nan matar nan mai ƙiba da ke fuskar riyalin ta fito sarai har da gashinta, haka ma tsuntsun mai kai biyu da ke bayan.

Da muka zo hoton bakin riyalin, kamar yadda ka nema, sai muka kafa riyalin a tsaye cikin kwanon gero. Ka san bakinsa yana da 'yan tsaga-tsaga. Bishara ya ce mu nutsa wannan gefen cikin geron, mu ɗauki mai kyau, ai Turawa ba za su sani ba. Na tuna masa hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama. Ya yi dariya ya ce shi ya jawo wa kansa, da ya auri mahaddaciya. Don haka hotunan da za ka gani ba a ɓoye komai ba.

Na kai su wurin Usta Adum maƙerin azurfa, don ba na son in yanke hukunci a kan abin da ban sani ba. Na nuna masa shekarar 1780 da ta burge ka. Ya buɗe gwangwaninsa ya zube mini guda tara, kowanne da wannan shekarar. Ya ce ai haka ake buga su duka, har wanda aka buga bayan an haife shi, kuma shi narka su yake yi ya ƙera awarwaro. Ya ce in faɗa wa Bafaranshen gidanmu, in yana so ya cika masa buhu. Game da tsagar kuma ya ce aikin wuƙa ne, duk mai duba kuɗi zai kira shi mai aibi. Ladan masanan da ka ambata, haɗe da na aikawa, ya fi abin da riyalin zai kawo. Kada guzuri ya fi tafiya tsada.

To amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Da na nuna wa Inna Zenaba hoton bakin, na buɗa mata shi ya yi girma, sai ta sa yatsa tana ƙirgawa, ta ce biyar. Ni duk zatona tsufa ne ya ci shi. Ashe Iya ce take yi masa tsaga ɗaya da wuƙarta duk ran da ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya sauke Alƙur'ani, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai ita Inna. Ta farko tawa ce, sai ta Senusi, ta Amne, ta Jimet, ta Hawa. Mu kuwa shida ne, Annur. Inna ta nuna mini wuri sumul kusa da ta biyar, ta ce ga gurbin ɗan ƙwallon nan da ya jingine allo saura izu tara, ya tafi Injamena. Ta ce duk sanda ta tsokani Iya da zancenka, sai Iya ta ce a bar mata yaronta, wurinsa yana nan, azurfa ba ta ruɓewa.

Ka gafarce ni, ɗan'uwana, riyalin ba zai zo ba. Kana da haƙƙi a cikinsa kamar kowannenmu, shi ya sa na tambayi sauran huɗun kafin in rubuto, kuma bakinmu ɗaya. In aka rufe shi a roba, wuƙa ba za ta sake kai gare shi ba. Izu tara ba nisa ba ne, da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan shiga gora. Wuƙar Iya tana wurina, na naɗe ta tare da riyalin a ƙyalle ɗaya.

Ka gaida Halime da kyau, da Muktar, da 'yar takwarata. Bishara yana gaishe ka, ya ce ka yaba masa hotunansa. Usta Adum ma haka. Inna Zenaba ta ce a gaida mai izu tara, kuma ka hanzarta, tana son ta ci naman walimar tun sauran haƙoranta suna nan.

Wassalam. Yayarka mai yi maka addu'a kullum,
Kaltuma Abdarahim