Fuska Ta Biyu

Litinin, 3 ga Maris
Jarrabawar aikin lantarki ranar Alhamis, ta intanet, kyamara a buɗe. In na samu takardar, ubangida zai daina kirana mai riƙe tsani. Dokarsu: da fuska ta biyu ta bayyana, an soke. Mu kuwa ɗaki ɗaya. Abin da ya kamata a ƙirƙira: ƙararrawa a jikin ƙofa, ta yi ihu da an taɓa. Na zana. Wataƙila shirme ne.

Alhamis, 6 ga Maris
An soke.
Na kusa gamawa 'yata Auta ta shigo da kofin ruwa, ta leƙo ta kafaɗata. Allon ya yi ja. Ban san sanda hannuna ya tashi ba. Ta bugu da ƙarfen gado, gira ta tsage, jini har wuyan riga. Na maka kofin a bango, na tattake kujera sai da ta karye. "Baba, ruwa ne fa." Iyakar abin da ta ce. Uwarta ta ci kwalata tana jijjiga ni: "Ƙarasa ta mana! Na'ura ta yanke hukunci, kai ka zartar!"

Juma'a, 7 ga Maris
An yi ɗinki. Na ce faɗuwa ta yi. Ma'aikaciyar jinyar ta kalli hannuna, ba ta kalle ni ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Yaya ya zo, ya sharara mini mari a gaban maƙwabta. "Sannu ɗan makaranta mai furfura!" Ban rama ba. Kunnena na ta ƙara.
Masu jarrabawar sun ba ni damar ƙarshe. Na sayo sakata.

Talata, 11 ga Maris
Wata dabara: a nuna wa manhajar jarrabawar fuskokin 'yan gida tun kafin a fara, ta bambance 'yarka da mai ba ka amsa. Wa zan kai wa? Ni da ko sakandare da ƙyar. Na kira Auta mu gwada da wayata. Na ɗaga hannu zan gyara kyamara, ta kare kanta da hannu biyu.
Ba mu gwada ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Ban sa sakatar ba. Ƙusoshin ba su yi daidai ba, ina jin.
Ana tsakiyar jarrabawa na ji motsi a ƙasa. Auta ce, da rarrafe, tana tura kofi a gabanta, kai a sunkuye kada kyamara ta gan ta. Ba wanda ya koya mata.
Na ce, "Miƙe tsaye, uwata. Miƙo min da hannunki."
Allon ya yi ja.
Ƙishi nake ji, shi ke nan. Gobe akwai tsani.