Wanda Ya Hau Rumbun Malam Falalu

Kazaure, ranar Talata.

Zuwa ga 'yata Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Nafi'u da yara. Allah Ya ƙara muku rufin asiri a can Ilori. Mu nan alhamdu lillahi. Gwaggonki Mairo ƙafa ke damunta, ni kuma ido. Tabarau na uku ke nan, rubutu sai ƙara ƙanƙancewa yake yi.

Akwai wata magana da na ji tun ina yaro a kasuwar Gwiwa, daga bakin wata tsohuwa mai daddawa. Ta ce a shekarar yunwa, kafin a haife ni, ba kakanki Malam Falalu ne ya buɗe rumbu ya raba wa mutane gero ba, Innarmu Rahamatu ce. Na ɗauka gigin tsufa ne. Kowa ya san a lokacin mace ba ta leƙa rumbun miji, balle ta ɗebo.

Littafin da kika rubuta a kan kakan naki ya iso, na yi sati uku a kansa. Kin tambaye ni ko ki bar shi tarihi tsantsa ko ki mai da shi ƙagaggen labari. Shekara hamsin ina karanta iri biyun nan, kuma duk sun gajiyar da ni. Masu tarihi sun iya shekara da sunan hakimi, amma sai ki cinye shafi ɗari uku ba ki ji ƙarar taɓarya ba, kamar maza ne suka haifi juna a garuruwan nan. Masu ƙagawa sukan bar mata su buɗe baki, sai dai kowa a littafinsu a ƙoshe yake ko ana tsakiyar fari, yana jawabi kamar mai neman zaɓe. Tsohuwar da ta raine mu da tatsuniya ta fi su, don ita in ta gama takan yarda ƙarya ta shirga mana.

Babinki na huɗu ya yi daɗi, kin ɗora Malam a kan tsani yana miƙo dami. To, ranar yana Babura, ya kai bijimi kasuwa. Matan unguwa suka cika tsakar gida, ƙwarya a hannu, yara a goye ba sa ko iya kuka. Inna ta jingina tsani, ta ture jinkar rumbu, ta yi ta jefo dami har ya kusa rabi. Da Malam ya dawo ya tura ta gidansu a Roni, ta yi wata huɗu. Sai mutane suka fara zuwa zaure suna yi masa godiya da addu'a. Ya karɓi godiyar, ya aika aka dawo da ita. Har ta rasu ba ta tayar da maganar ba.

Na san masu buga littafin suna jiranki, na kuma san baffanki Sama'ilu zai ce kin zubar da mutuncin gida, wataƙila ya daina ɗaukar wayarki. Ba ni da sauran ƙarfin da zan tare miki shi. Ki kira littafin duk abin da kika ga dama, amma ki sauko da Malam daga tsanin nan, ki ɗora mai shi.

Ki gaishe da Nafi'u, da Bahijja, da Zaharadeen mai gardama. Mairo da Ma'u suna gaishe ki.

Baffanki,
Mamuda

Na san ku masu tarihi ba kwa karɓar magana sai an ce daga wa aka ji. Wanda ya gaya mini na ƙarshe ya riƙe hannuna ne kwana biyu kafin ya cika, ya roƙe ni in sanar da jikoki. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina ɗagawa. Ki rubuta: Malam Falalu.