Rigar Mama Mai Igiya a Baya

Unguwar Romi, Kaduna
Watan Yuli

Zuwa ga Yaya Benjamin,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can bakin daga. Yaya ƙafar nan da ke damunka in an yi ruwa? Maigidana Albert da yara suna gaishe ka. Tunda wayarka ta zama ado, a kira a kira ba ta shiga, na ce bari in koma takarda. Kofur Aminu zai kawo maka idan hutunsa ya ƙare.

Jikin Mama ya ƙara sauka, ba zan ɓoye maka ba. Kunu ma sai da lallashi take sha. Amma abin da ya sa na ɗauki biro daban ne: rigar Mama ta fita daga hannunmu.

Ka san wadda nake nufi. Farar rigar nan da ta ɗinka wa kanta, ta ce a cikinta za a binne ta, da yadin ƙarshe da ta fito da shi daga masaƙar Kakuri kafin a rufe. Wadda duk Ista take fitarwa ta gwada, ni kuma in rage mata, kai kuwa ka sulale waje, wai kai soja. Ba ta da zif, ba maɓalli. Bayanta a buɗe yake daga wuya zuwa ƙugu, sai siraran igiyoyi da za a ɗaure, domin wanda ya riga ya kwanta ba ya ɗaga hannu a sa masa riga.

Damina ta sa akwatinta ya kama warin danshi, sai ta ce in wanke rigar in goge. Babu wuta a gida, don haka na tafi da ita rumfata a kasuwar Monde ta Kakuri, inda nake da dutsen guga na gawayi. Na goge ta tas, na rataye ta a igiyar sama ta sha iska. Ban ko zauna ba aka kira ni, wai Mama ta zame a banɗaki. Na bar rumfar a hannun Mama Ekene, maƙwabciyata, na ruga.

Ka san tsarinmu na 'yan gwanjo. In an fasa dila, abin da ke tsibi a ƙasa na kowa ne. Wanda aka goge aka ɗaga igiyar sama shi ne zaɓin farko, na matan Abuja, waɗanda ke zuwa da manyan jakunkuna su kwashe su kai kantunansu. Kafin in dawo, Mama Ekene ta sayar da rigar. Tana ta murna ta tare ni, wai ta yi mini ciniki mai kyau. Da na gaya mata ko rigar mece ce, sai ta zube ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ban iya yi mata faɗa ba. Ko ni ce na ga farar riga a igiyar sama, haka zan yi.

Abin da ta sani kawai shi ne ana kiran matar Madam Vicky, kuma kantinta yana Wuse. Mama ta tambaye ni rigar, na ce tana shan iska. Ta dube ni irin kallon nan nata. Yaya, tsoro nake ji. Mace ba ta roƙe mu gida ko mota ba, abu ɗaya ta roƙa. Jibi zan hau motar Abuja.

Ka sa mu a addu'a kamar yadda muke sa ka.

Ƙanwarka,
Dorcas

Unguwar Romi, Kaduna
Watan Agusta

Zuwa ga Yayana na kaina,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mama ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci, ko har yanzu taba ce abincinka. Kada ka ce ni na faɗa mata.

Na je Abuja, na dawo. Ban taɓa jin na zama baƙauya ba sai a garin nan, ni da na yi shekara da shekaru ina sayar da sutura.

A wurinmu kaya a jibge suke, mai ƙararrawa yana kaɗawa, mata sun sunkuya suna tono. Macen Kaduna ba ta sayen riga sai ta murza yadin da yatsa, ta ɗaga shi a rana, ta tambaya ko yana zuba, sannan ta taya ka tayin da zai sa ka ji kamar ka yi kuka. Ko kantunan Barnawa masu gilashi, in ka daɗe kana magana za a rage maka. A can kuwa ƙofa ce za ta buɗe da kanta, sanyi ya buge ka, ga ƙamshi, ga shiru kamar asibiti. Riga ɗaya tal a bango guda, da fitila a kanta. Ba a tayi, ba a taɓawa. Na kai hannu zan murza wani leshi, yarinyar kantin ta yi gyaran murya. Su suna sayen sunan da ke wuyan riga ne, mu muna sayen yadi. Na ga jakunkuna a cikin akwatin gilashi da makulli, na ga takalmi ƙafa ɗaya a kan matashi kamar jariri. Na kuma ga siket biyu da na rantse daga kasuwarmu suka fito, an wanke su an sa musu sabon suna.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne mutum-mutumin da suke sa wa kaya. Namu na Kaduna suna da fuska, har da jan baki da karyayyen hanci. Nasu farare ne fat, ba ido ba baki, wasu ma ba kai. Ina tafe ina leƙa gilashi ina neman farar riga, duk wanda na gani a tsaye sai in ga kamar Mama ce ta riga ni zuwa.

Da tambaya na kai kantin Madam Vicky. Mace ce mai fara'a, har ruwa ta ba ni. Da na kwatanta rigar sai fuskarta ta washe. Ta ce ba ta taɓa samun kaya irinta ba, yadi mai nauyi da ba a yin irinsa yanzu, ga bayan nan a buɗe da igiyoyi, wai shi ake yayi a Turai. Ta ce rigar ko kwana ba ta yi a kantin ba wata amarya mai suna Tracy ta saye ta, za ta sa ranar liyafa. Ta juyo mini wayarta. Yaya, yarinya ce kyakkyawa, ta ba da baya ga mai hoto, ta waiwayo tana dariya, igiyoyin Mama a ɗaure a gadon bayanta. Hoton kafin biki ne, kuma ya riga ya zaga ko'ina.

Na gaya wa Madam Vicky gaskiya. Ta ajiye wayar kamar ta ƙone ta. Ta roƙe ni in yi shiru, ta ce za ta sa telanta ya ɗinka mini wata sak. Na ce uwata ta yi rabin rayuwarta a gaban injin saƙa, ko idonta a rufe yatsunta sun san yadin Kakuri. Da ta ga ba zan tashi ba, ta kira yarinyar.

Tracy ta zo da rigar a jaka, tana tsammanin gyara za a yi. Na so in yi mata ƙarya, in ce rigar auren uwata ce, amma bakina ya ƙi. Da ta ji, ba ta yi ihu ba. Ta saki jakar, ta shiga shafa bayan wuyanta, tana shafawa tana shafawa kamar wani abu ya manne mata. Na ce mata ba a taɓa sa wa gawa ba, mai ita tana da rai. Ta ce ta ji, amma hannunta bai daina ba. Na mayar da abin da aka biya, na ɗauki rigar na fito. Har yau ina ganin hannun nan. Na shiga bikin 'yar mutane da abin da ba za ta manta ba, kuma ban san yadda zan yi in ba haka ba.

Da na iso gida na shimfiɗa wa Mama rigar a cinya. Ta murza, ta kai hanci, ta ce wannan turaren ba na Romi ba ne. Ashe Mama Ekene ta riga ta zo ta durƙusa ta faɗa mata komai tun ina hanya. Ta ce in nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta yi dariya har da tari, ta ce ita ba ta taɓa ganin bayan rigar a jikin mutum ba, kuma ba ta yi zaton wani zai gani ba, tunda a kansa za ta kwanta. Ta ce ashe ya yi kyau. Ta hana ni wanke turaren.

Ka yi ƙoƙari ka nemi hutu, Yaya. Ba na son in faɗi fiye da haka.

Taka har kullum,
Dorcas

Unguwar Romi, Kaduna
Watan Disamba

Zuwa ga Yaya Benjamin,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ƙarin haƙurinmu? Na ji daɗi da Kofur Aminu ya ce an ba ka hutun Kirsimeti. Albert ya gyara maka ɗakin Mama, sai dai in ba ka so, ka kwana a falo, ba wanda zai yi maka dariya.

Ka ce in ba ka labarin jana'iza dalla-dalla tunda ba a sake ka ba. Matan Zumunta na majami'armu sun cika gidan da waƙa, tsoffin abokan aikinta na masaƙa sun zo, waɗanda suka rage. Ni na shirya ta da hannuna, ni da Mama Ekene. Rigar ta shiga ba wahala, kamar yadda ta tsara. Muka juya ta a hankali, na ɗaure igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin turaren amaryar nan yana tashi. Na ga an rufe akwati, na ga an zuba ƙasa. Ka riƙe wannan, domin ni ma shi nake riƙewa: da idona na gani.

Ka san yadda garuruwan nan biyu suke. Abin da Abuja ta sa da damina, Kaduna za ta sa da Kirsimeti. Telolin can suka ga hoton Tracy suka kwaikwaya, manyan kantuna suka rataye a gilashi. Daga nan ɗinkin ya sauko waya, daga waya ya shigo Sabon Tasha da Makera da Nasarawa, inda tela zai kalli hoto sau ɗaya ya fitar maka da shi kafin Asabar.

Ranar da na fara gani, ina kan keke-napep ne a Sabon Tasha. Wata mace tana tafe a gabanmu cikin farar riga, baya a buɗe, igiyoyi a jere. Wallahi na buɗe baki zan ce Mama. Muka wuce ta, na waiga, yarinya ce tana cin gyaɗa. Da na sauka, sai na zauna a bakin wani shago.

Yanzu kuwa sun yi yawa. An yi biki a majami'armu makon jiya, ƙawayen amarya duka irin ɗinkin nan suka yi anko. Na makara, na zauna a baya. Da aka ce a tashi a yi waƙa, suka miƙe a jere a gabana, farare, kowace da igiyoyinta, ba na ganin fuskar kowa. Ban kai ƙarshen waƙar ba na fita. Tsofaffin Zumunta da suka san rigar sun sunkuyar da kai. Wa zai tashi ya gaya wa 'yan mata abin da suka sa?

Shekaranjiya wata yarinya ta zo rumfata da yadi da hoton a waya, wai an ce ina taɓa ɗinki. Na auna ta. Na ce zan ɗinka, amma da zif, kuma bayan a rufe. Ta ce ai bayan ne kwalliyar. Na ce to ta kai wa wani. Ta kwashi yadinta tana ƙunƙuni, ta shiga shagon da ke kallon rumfata, kuma na san za a ɗinka mata.

Wani lokaci ina cewa da Mama ta gani da ta yi dariyar nan tata. Wani lokaci kuma sai in kama kaina ina ƙirga igiyoyin bayan 'yar mutane, ina duba ko an ɗaure su daidai.

Na rubuto ne don kada abin ya zo maka ba shiri, kai da ko a akwatin kayanta ba ka iya kallon rigar. Idan ka sauka a tasha, ka kira Albert ya ɗauko ka. Ranar Kirsimeti kuma mu fita da wuri. Zan kama mana bencin gaba, kusa da mawaƙa, inda ba kowa a gabanmu. In an tashi, ka bari sai kowa ya watse sannan mu juya.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Dorcas