Ranar da Baba Ya Wuni da Hula

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ba ki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya raya mana 'yan biyu. Mu nan muna lafiya, sai gajiya da ta zame mini kamar rigar sawa. Gwaggo ta warke daga mura har ta koma yi wa kowa faɗa, kin san shi ne alamar lafiyarta. Auta kuma yana nan yana fama da motarsa ta haya.

Yaya, maganar manhajar nan da kika saka mana a waya ce ta sa na zauna rubutu, don in na kira ki kuka zai riga ni magana. Ban raina ƙoƙarinki ba. Daga nesa kika tsara mana hidimar Baba kaf, magani da jan launi, cefane kore, asibiti shuɗi, kowane aiki da ranarsa da sunan mai yinsa. Sai dai jerin ya yi ta tsawo har ya kai aiki ɗari da arba'in. In na buɗe shi a shago, ga masu jiran a buga musu takardu, ga injin da ke cinye rabinsu, sai kaina ya sara. Da na yi miki ƙorafi kika koya mini tacewa, kika ce in danna wurin da ke nuna nawa kaɗai. Na danna, ayyuka suka koma tara, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na koya wa Auta, nasa suka koma huɗu, har yana yi mini tsiya wai ashe shi ne ɗan gatan gidan.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ganin likitan idon Baba da muka yi wata biyar muna jira, ke kika rubuta shi, manhajar kuwa ta bar shi da sunan wadda ta rubuta. Ni ban gan shi ba, Auta bai gan shi ba, ke kuma da wayarki ta yi ƙara kin ɗauka tamu ma ta yi.

Ranar Talata, ashe ranar ganin likitan ce, na dawo bayan la'asar, na tarar da Baba a kujerar bakin taga, da farar rigarsa da hula, katin asibiti a hannu, takalma a jere a gabansa. Gwaggo ta ce tun ƙarfe bakwai yake zaune, ko abinci ya ƙi ci kada ya ɓata riga. Ta so ta kira ni ya hana, wai kada a dame ni a wurin aiki, ai wayar nan tana gaya mana komai, muna hanya. Na durƙusa ina ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Ya cire hular ya miƙo mini, amma ina damansa, shi kuwa hagu ya miƙa. Wallahi Yaya, ban san yanar idonsa ta kai haka ba, kuma har yau zuciyata ba ta daina ciwo ba.

Washegari na je asibitin na yi ta roƙo, ma'aikaciyar ta ce sai bayan wata huɗu, alhali tun farko likita ya ce idon hagun ba ya son jira. Na cire tacewar nan, duk ɗari da arba'in sun dawo mini, gara kaina ya yi ta sarawa. Abin da nake roƙonki, ki zauna ki duba duk aikin da ke ƙarƙashin sunanki, ki mayar wa wanda hannunsa zai kai. Kada ki ƙara mana wani launi, na gaji. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Ki gaishe mini da maigidanki, da 'yan biyu, da surukarki. Gwaggo da Auta suna gaisuwa. Baba ma yana gaishe ki, ya ce in gaya miki kada ki sa abin a ranki, waya ce ta yi mantuwa, ba 'ya'yansa ba. 

Taki har kullum,
Ƙanwarki