Jirgin da Ya Riƙe Ka a Takoradi

Baban Safiya,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka amsa ba, babu kuma lorin da zai kai wannan takarda inda kake. Amma bakina ya cika da magana, kuma a gidan nan ba wanda zan iya faɗa wa.

Seidu direba ne ya kawo mana labarinka. Ina tsakar gida ina tankaɗe ya yi sallama, ya ƙi zama, ya miƙo mini ƙunshi. Rigarka ce a ciki da hula da takalmi, a ninke yadda ka saba ninke kayanka. Ya ce haka ka bar su cikin kwalekwale.

Yana wurin ranar. Ya sauke doya a Takoradi, ka ja shi ya zo ya ga abin da kuke yi kowace Lahadi kai da Baturen da kake gyara wa injuna a tashar jiragen ruwa. Ya ga ka goya tulun iskar shaƙa a baya, ka sa gilashi a fuska, ka ɗaura igiya a ƙugu, kuka faɗa teku ku biyu. Masu tuƙin kwalekwalen suna kallon kumfar numfashinku tana tasowa. Can sai Baturen ya fito shi kaɗai. Ya ce ka shiga rumbun kayan wani jirgi da ya nutse a wurin ta wata ƙofa, laka ta tashi ta rufe komai, bai ƙara ganinka ba. Suka ja igiyar, ta taho ba nauyi, tsohon ƙarfe ya yanke ta. Baturen ya koma ƙasa nemanka har iskarsa ta ƙare. Masunta sun yi kwanaki suna duba bakin teku. Ruwan bai maido ka ba.

Me ka je nema a ciki?

Ina tuna zuwanka na ƙarshe, lokacin bikin samun 'yancin kai. Gari duk ya tafi kallon sabuwar tuta, kai kana zaune kan tabarma kana ba mu labarin wani jirgin dakon kaya da ya nutse tun zamanin yaƙi. Ka ce yana kwance a gefensa, tsawonsa ya fi layin rumfunan kasuwa. Buhunan siminti sun zama duwatsu, kekuna sun manne da juna don tsatsa, ciyawar ruwa ta tsiro a kan matakala. Ka ce a can ƙasa ba ka jin komai sai numfashinka. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ɗan Tamale, garin da muke bin layi da garwa don ruwan sha, shi ne ya zama ɗan ruwa.

Ni ban yi dariya ba. Na juya baya kamar ina gyara wuta, amma ina jin kowace kalma. Ban taɓa gaya maka ba, labarin ya yi mini daɗi. Fuskarka a ranar ban taɓa ganin irinta ba, ko ranar sunan Safiya. Na so in ce wata rana ka kai ni in ga tekun nan ko daga nesa, kunya ta hana ni.

Yanzu kuwa haushinka nake ji, Allah ya yafe mini. Masu zuwa gaisuwa suna tambaya ko a bakin aiki abin ya faru. Me zan ce musu? Ba aiki ba ne, ba wanda ya aike ka. Sha'awa ce kawai. Ka tuna da mu sa'ad da ka ga ƙofar nan? Ka daɗe kana laluben hanya cikin duhu? Ka samu ka yi shahada da ƙarfen shaƙar iskar nan a bakinka?

Ba mu yi maka wanka ba, ba mu sa maka likkafani ba. Liman ya ce ba a sallar jana'iza babu gawa, sai dai addu'a da sadaka. Da ya ji shaidar Seidu ya ce in shiga takaba, na shiga. Kawunka na Dungu ya zo da masara, matan Kasalgu sun kawo nono. Safiya ta ga ana raba waina ta ɗauka biki ne. Shekaranjiya ta tambaye ni ina aka binne ka, don ƙawarta ta nuna mata inda nata uban yake. Na nuna mata kudu da hannu. Ta tsaya tana kallon katangar gidan maƙwabcinmu Alhasan.

Mma ce ta fi ba ni tsoro. Mahaifiyarka ta ƙi karɓar gaisuwa. Ta ce mutanen ruwa ne suka riƙe ka, idan sun gama da kai za su sako ka. Kullum da hantsi sai ta yafa mayafi ta tafi tashar lori, ta duba fuskar duk wanda ya sauko daga motar kudu. Ta daina yi mini magana tun da na fara takaba, wai ina kira wa ɗanta mutuwa.

Ran Juma'a na yi miyar kuɓewa da busasshen kifin teku, irin wanda ake kawowa daga kudu. Na kai mata tuwo. Ta wanke hannu, ta gutsura, ta kai cikin miya, sai ta ga kan kifin. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ture kwanon a hankali, ta ce kada kifin teku ya ƙara shigowa gidan nan muddin tana da rai. Sannan ta kama hannuna ta riƙe. Tun ranar ba ta koma tasha ba.

Ashe ta sani, Baban Safiya. Tun farko ta sani.

Ruwan sama ya sauka, an yi shuka a ƙauyen Gbalahi. Rufin ɗakinmu yana yoyo ta wajen da ka ce za ka gyara in ka dawo. Zan riƙe Mma, zan riƙe yarinyar. Allah ya san inda kake ko da mu ba mu sani ba. Ya jiƙanka, ya yalwata maka wurin, ya haskaka maka shi.

Sai mun zo.

Matarka,
Hajara, Zangon Tamale