Rabon Gidan Unguwar Sarki

Zuwa ga ƙanena Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibai.

Ranar Asabar aka kira ni rabon gadon marigayi yayanmu. 'Ya'yansa maza sun hana ƙanwarsu Hadiza kasonta na gidan, saboda ta auri maƙeri a Rafin Guza. Babbansu ya ce, "Baffa, maƙeri ne zai shigo gidan ubanmu?" Na ce aure ba ya soke rabon da Allah Ya yanka mata. Suka kafe. Da suka ɗaga hannuwa domin in rufe zaman da addu'a, sai na sa takalmana na fita.

A gaida Hajiya da yara. 'Ya'yan yayanmu kuwa, ka sa su cikin addu'a, domin ni har yau na kasa.

Yayanka,
Idrisu